Baba Ya Daina Tambayata Gabas

Zuwa ga Daraktan Horar da Matuƙa na kamfaninmu na jiragen sama.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan Yallaɓai yana cikin ƙoshin lafiya, shi da iyali. Sunana Kyaftin Bukar Modu, ɗan Azare, ɗaya daga cikin malaman da ke horar muku da matuƙa. Na sha kai kukana ofishinka, kullum amsar ita ce ana dubawa. Masu dubawar ba su gaji ba, ni kam na gaji, shi ya sa na fito fili.

Kafin ku ɗaga ni zuwa malanta, hanyar Kano zuwa Maiduguri nake bi. Ranka ya daɗe, ƙasar Katagum a farkon damina, in ka hango ta daga sama, abin kallo ce. Kogin Jama'are yana kwance kamar zaren da tela ya yar, rufin kwanon Azare yana ƙyalli, can gaba kaɗan ga Bulkachuwa inda gonar mahaifina take. Daga gabas kuma hadari yana tasowa a hankali, kansa fari fat, gindinsa baƙi, yana tafe ba ya gaggawa. Har yau in na rufe ido shi nake gani.

Mahaifina Alhaji Modu manomi ne, kuma a da babu wanda ya kai shi iya karanta sama a unguwarmu. Da hawan jinin ido ya fara cin ganinsa, sai na zama idonsa. Ina sauka, in kashe injin, in kira shi. Ko gaisuwata ba ya bari in ƙarasa, sai ya ce, "Bukar, yaya gabas?" In na ce hadari ya haɗu sosai bayan Potiskum, sai ya sanar da dattawan da ke zaune a ƙofar gida, kowa ya je ya fito da irin geronsa. In na ce iska ce kawai, su ci gaba da hirarsu. Ban ce kullum muna dacewa ba, ruwa na Allah ne. Amma tsohon nan ya ji daɗin abin ƙwarai, ni ma haka.

Ga kukana.

Na farko, akwati. Haka muke kiran na'urar kwaikwayon tuƙi da ke Legas, ɗakin nan marar taga da muke koyar da ɗalibai a ciki. Da kuka ba ni malanta kun ce rabin lokacina a akwati, rabi a sama. Rabin saman nan har yau ban gan shi ba. Ina zaune a bayan ɗalibai, in danna maɓalli a yi ruwa, in danna a yi tsawa, in kashe musu injin in ga yadda za su yi. Ni da ke saukar da ruwan sama sau nawa a yini, na manta ƙamshin ƙasa in an yi yayyafin farko. Ina son koyarwa, wallahi ina so. Amma malamin da ba ya tashi, hannunsa sanyi yake yi, kuma ɗalibansa ne za su ɗauki iyayen mutane gobe.

Na biyu, hutu. A lissafinku aikin akwati aikin ofis ne, tunda ba mu bar ƙasa ba, don haka ba a ba mu ranakun hutu irin na masu tashi. To Yallaɓai ya shigo ya zauna ana girgiza shi yini guda, injin na mutuwa, ƙararrawa na kuka, sannan ya faɗa mini wane ofis ne haka. Jadawalin aiki kuwa kullum cikin sauya shi ake ta saƙon waya. Ɗan hutun da ya samu, kafin in hau jirgi zuwa Kano, in shiga mota zuwa Azare, hanya ta cinye shi.

Na uku shi ne ya hana ni sukuni. Bara, da damina ta ƙarato, Baba ya kira ni ina fitowa daga akwati, ya yi tambayarsa ta kullum. Na yini ina haɗa hadari a kan Maiduguri ta ƙarya, ta gaskiyar kuwa ban san halin da take ciki ba. Na ce masa ban ga sama ba. Sai ya ce, "To, Allah ya kawo mai albarka." Suka yi shuka a ruwan farko, ruwa ya ɗauke, gero ya tsiro ya ƙone, sai da aka sake shuka. Ban ɗora wa kamfani laifin ruwa ba. Abin da ya yi mini ciwo shi ne tun daga ranar bai ƙara tambayata gabas ba. Yanzu "yaya aiki" yake ce mini, kamar baƙo.

Likitansa ya shaida mana cewa sauran ganin da ke idon hagu yana tafiya, kuma ba ya dawowa. A yanzu yana bambance haske da duhu, yana gane fuska in an matso kusa.

Saboda haka ina roƙo: a cika alkawarin rabin lokaci a sama, a lissafa aikin akwati a matsayin aikin da ke buƙatar hutu, a bar jadawali ya tsaya inda aka ajiye shi. Wannan na dukkan malamai ne. Nawa na kaina kuwa, a ba ni hutuna na shekara a farkon daminar nan, ba bayan kaka ba. Ina so in shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, in juyar da Baba ya fuskanci gabas tun yana iya ganin baƙin hadari, ko Allah zai sa ya sake tambayata.

Allah ya ƙara wa Yallaɓai lafiya da basira, ya kare jiragenmu da waɗanda ke cikinsu, ya bar maka ganinka har tsufa.

Wassalam.

Kyaftin Bukar Modu,
Azare.