Baƙo a Gaɓar Ubansa

Ɗaki na tara, Talata

Zuwa ga taubashiyata Salanieta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Na tsinci takardarki a ƙarƙashin furen da kuke ɗorawa kan matashi. To, kin gane ni. Na ɗauka furfura da tumbi da shekarun da na kwashe a mayankar shanun Ostareliya sun isa su ɓoye mutum a Fiji, ashe ban da wajen mai gyaran gado. Tunda dokar otal ta hana ku zaman hira da baƙi, sai mu yi ta takarda kamar 'yan makaranta.

Kin tambayi abin da ya kawo ni. 'Yata Unaisi ce ta kama mini ɗakin, wai in huta da ciwon baya. Ba ta san a gaɓar kakanta aka gina shi ba, don ban taɓa gaya mata ba. Ni kuwa na yarda ne don in ga ɓarnar Yaya Waisale da idona, tun ranar da ya ba baƙi hayar yashin nan, na ce a'a, na bar masa ƙasar.

Aibu na zo nema, kuma abin haushi, har yau ban samu ba. Jinkar ɗakina irin ɗaurin Baba ce, da igiyar zaren kwakwa, ba ƙusa ko ɗaya. Na hau kujera na duba. Jiya aka kawo mini kifi a madarar kwakwa da ganyen gwaza, na cinye tas, don tun rasuwar Inna harshena bai taɓa irinsa ba. Da safe na shiga ruwa wajen murjani. Kifayen da muka ƙarar da taru muna samari duk sun dawo, har wani kunkuru ya bi ta gefena bai ko kula ni ba. An ce Yaya ne ya haramta kamun kifi a wurin. Kwakwar da aka shuka inda aka binne cibiyata ma tana nan, hanyar siminti ta zo gabanta ta kauce. Wa ya ce su yi haka?

Kada ki gaya wa kowa. Ba zan haura tudu in shiga gari ba. Mai shiga garinmu Delaivatu sai ya durƙusa gaban mai gari da damin saiwar yangona, wadda ake dakawa a dama a sha wajen tarbar baƙi, mai garin kuwa kin san ko wane ne.

Ki huta lafiya.
Sekonaia

Ɗakin wanki, Laraba

Zuwa ga Baturenmu mai ciwon baya,

Ina gaisuwa, ranka ya daɗe, da fatan gadon bai yi maka taushi da yawa ba. Wai kada in gaya wa kowa. Tun kana saukowa daga jirgin ruwa masu kiɗan tarba suka ga tafiyar babanka a ƙafarka. Kifin nan ma jikar ƙanwar innarka ce ta dafa, ka ɗauka kowane Bature ake zuba wa barkono haka?

Hanyar kuwa, yayanka ne ya zauna a gindin kwakwar ya hana magina aiki har suka lanƙwasa ta. Yanzu ba zai iya ba. Ƙafafunsa sun kumbura, likitocin birnin Lautoka sun sallamo shi, sun ce ya dawo gida ya ci abin da ransa ke so. Ɗauko shi ake yi a zaunar. Bai tambaye ka ba, ni ma ban ce ya tambaya ba.

Sannan ka daina wanke rigarka kana shanyawa a baranda, kana ba mu kunya.

Taka, ko ka ƙi,
Salanieta

Ɗaki na tara, Alhamis

Salanieta,

Ina gaishe ki, da fatan kin tashi lafiya. Na yi wauta yau, gara ki ji daga bakina.

Da hantsi na bi masu yawon otal. Aka kai mu kogon da muke ɓuya in mun saci rake, an yi masa matakala, ruwan cikinsa garau kamar da. Daga nan jagora ya ce za a shiga gari a gai da mai gari, kuma damin yangona ɗaya na otal ya wadatar wa kowa. Na ce a raina ga ƙofa ta samu, in gan shi ba tare da gwiwata ta taɓa tabarma ba. Na rufe fuska da baƙin tabarau na shige tsakiyar Turawa.

Garin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Makaranta da bene, famfo a kowane gida, cocin an yi mata sabon rufi. Yaya kuwa ya rame, sai dai muryar tana nan.

Aka dama yangona, ƙoƙo ya fara zagayawa. Turawa na ta tafa hannu faf-faf kamar masu kashe sauro. Da ya iso gabana, hannuwana suka riga ni tunani. Na dunƙule tafi na buga irin namu, mai zurfi, na shanye a tashi ɗaya, na ƙara tafi uku. Yaya ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Wannan baƙo ya iya tafi. Daga wace ƙasa?"

Na ce Ostareliya.

Ya ce, "Da nisa. Allah ya mai da kai gida lafiya."

Matarsa ta rataya mini sarƙar fure kamar kowa, aka rako mu har bakin hanya. Ko kabarin Baba ban gani ba, ba ya cikin wuraren da ake nuna wa baƙi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Jibi Asabar jirgina zai tashi.

Sekonaia

Ɗakin wanki, Juma'a da safe

Taubashi,

Gaisuwa, yau ba wasa. Jiya ina bayan ɗakin tare da mata, na ji komai. Da kuka tafi matarsa ta yi masa faɗa, ta ce ƙaninka ne fa. Ya ce ya sani tun kafin ka cire takalmi, amma wanda ya shigo a ƙarƙashin damin otal baƙon otal ne, ba shi da ikon kiran baƙon wani ƙaninsa. Ka san ba ƙarya ya yi ba, kai ma da haka za ka yi, kanku ɗaya.

Ya sa an ɗauko tabarmar babanku daga rufi an shimfiɗa. Ya ƙi a mai da shi gado, yana zaune yana fuskantar ƙofa, ƙafafun nan kuwa ba sa son zama.

Gobe za mu jeru a bakin ruwa mu yi wa masu tafiya waƙar ban kwana. Ina cikin masu rerawa, sunanka na cikin masu tafiya.

Salanieta

Juma'a da rana

Salanieta,

Ina gaisuwa. Na roƙi mai kwalekwalen cefane ya taho mini da saiwar yangona daga kasuwar Lautoka, tsohuwa, mai kauri. Ki aro mini baƙin zanen mijinki, ba zan je da gajeren wando ba. Ban ce na yafe masa ba, ban ma san wa zai yafe wa wani ba. Gwiwata ta daina lanƙwasuwa, in na durƙusa na kasa tashi, ki riƙe dariyarki sai mun fito.

Ki gaya wa mawaƙa kada su jira ɗaki na tara.

Naki,
Sekonaia