Mai Gyaran Janareta Zai Tafi Inda Babu Wuta

Zuwa ga Christiana, sanyin idona, inuwar mangwaro a tsakiyar zafin Minna, ruwan randa ga wanda ya wuni a rana, sabuwar doyar da ake jira shekara guda! Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu, wanda ya yi tarko da ke ya kama ni.

Idan kirarin nan ya zo a karkace ki yi haƙuri, hannun da ya saba da sifana da baƙin mai ne ya ɗauki biro. Ban da yadda zan yi ne, tun da kin daina ɗaga wayata daga ranar da na gaya miki na amsa kiran aikin bishara.

Kin tuna yadda na shigo cocinku? Ni Silas, da unguwa ta sa wa suna Kiristan Kirsimeti, wanda ba ya taka ƙofar majami'a sai ya jiwo ƙamshin shinkafa. Janaretan cocinku na unguwar Shango ne ya mutu ana tsakiyar sujada, aka kirawo ni daga shagona a Sauka Kahuta. Na tashe shi, na miƙe ina share gumi, na leƙa ta taga, sai ga ki a sahun mawaƙa, ido a rufe, murya tana hawa kamar ba za ta sauko ba. Wayyo ni! Nan take na je na ce wa dattawan ikilisiya daga yau ni zan riƙa tsaron injin nan kowace Lahadi, kyauta. Suka yi ta sa mini albarka, wai ga saurayi mai himma. Himma kam akwai ta, sai dai ba ta Allah ba ce.

To, ga abin dariyar. Lahadin da ta biyo baya na sha wanka, na fesa turare don in zauna cikin hayaƙi, na kafa kujera a gindin taga. Ashe an sauya wa mawaƙa wurin tsayuwa, an kai ki bayan ginshiƙi. Abin da nake hangowa daga gare ki duka bai wuce gwiwar hannunki da bakin ɗankwalinki ba. Lasifikar da ake rataya wa na waje kuwa, a saman kaina take daidai. Wa ya taɓa yin asara irin tawa? Na zo kallo aka ba ni sauraro! Wata da watanni ina soyayya da gwiwar hannu, wa'azi kuma yana zubo mini a ka, ba halin in gudu, don na riga na yi alkawari a gaban manya.

Ban san ranar da maganar ta fara shiga ba. Na dai wayi gari na ga ni ke ba ku haske a ciki, ni kuwa ina zaune a waje, zuciyata duhu ƙirin. Ranar da fasto ya ce mai son ba da ransa ga Almasihu ya fito, hawaye ya ɓalle mini. Na ɗora wa hayaƙi laifi, ƙarya ta ƙi ci. Na bar injin, na ratsa jama'a da hannuna dumu-dumu da mai, na durƙusa. Gwiwata na taɓa ƙasa janareta ya yi tari ya mutu, fanka ta tsaya, aka ƙarasa mini addu'a cikin gumi. Har yau ni kaɗai ne a Shango wanda tubansa ya ɗauke wuta.

A bakin ƙofa ranar kika fara yi mini magana, kika ce kin daɗe da lura da mai leƙen taga, kina kuma yi masa addu'a. Ya tauraruwata, wace irin addu'a ce wannan? Kin roƙi yayyafi, sama ta sako ambaliya.

Ban manta sharaɗinki ba. Kin ce kowa za ki iya aura ban da mai bishara, don aikin Babanku ke nan, a ƙauyuka kuka tashi, kin ga Mama tana jiran baikon hatsin da ikilisiya ke kawowa lokacin kaka kafin ta san abin da za ta ɗora a murhu. Na bugi ƙirji na ce ni da bishara sai dai in ba ta wuta daga waje. Baki shi ke yanka wuya! Sai ga Baba Irimiya, tsohon mai bisharan nan da gwiwoyinsa suka gaji, ya zo a makon mishan yana ba da labarin ƙauyen da ke hayin kogi, inda mutane suka gina ɗakin sujada da hannunsu suna jiran wanda zai zauna da su. Na riƙe kujerata gam. Na yi ta ciniki da Allah har damina ta wuce. Na ma je na ce wa Baba ko in riƙa zuwa ina gyara musu inji a madadin. Ya yi dariya har da tari, ya ce garin ko janareta ɗaya babu. Kin ji inda Allah ya ga ya dace ya aika mai gyaran janareta.

Christiana, bari in ajiye wasa. Ina tsoro. Ban iya wa'azi ba tukuna, muryata kuwa kin san mawaƙa sun roƙe ni in riƙa rerawa a zuci. Abin da ke jirana ɗakin ƙasa ne, da rijiya, da dutsen da ake hawa kafin waya ta shiga. Shi ne ainihin abin da kika ce ba za ki koma ba, kuma kina da gaskiya. Na gwada zama, na kasa. Na gwada tunanin tafiya ba ke, nan ma na kasa. Ina son ki, son da ban san inda zan ajiye shi ba idan kika ce a'a. Ba zan ce miki Allah ya ce ki bi ni ba, don ni ya kira, bai ba ni saƙonki ba. Roƙo kawai nake yi.

Lahadin nan za a ɗora mini hannu a sallame ni zuwa makarantar horo. Kafin a kira ni gaba, zan zauna gindin tagata in tsare injin karo na ƙarshe. Ba sai kin yi magana ba. Idan za ki jira ni mu haye kogin nan tare, in an tashi waƙar farko ki matsa taki ɗaya daga bayan ginshiƙi, in ga fuskarki. Idan kuwa ba za ki iya ba, ki tsaya inda kike, ba zan riƙe ki a zuci ba. Zan kalli gwiwar hannun nan har a kira ni gaba, in tafi da ita. Da ma da ita na fara.

Naki yau, naki gobe, ko da wuta ko babu,

Silas