Notin Tayar Baya

Yaya Illo,

Inna kullum cewa take kai ba ka duba babur, hawa kawai kake. To yau kada ka hau.

Da asuba notin tayata ta baya ya cinye, ga kifi na jiran a kai Maraɗi kafin rana ta taɓa shi. Na zazzage gwangwanin da muke ajiye noti, duk ƙanana ne. Sai na kwance naka. Tayarka babu abin da ya riƙe ta.

Zan sayo noti biyu, manya su samu gwangwaninsu daban. Sufanar ɗaure noti na rataye a zaure.

Na san surukanka na jiranka a Gabi. Na tsaya ƙofarka na yi magana, minshari ya amsa mani. Ka yafe mani, Yaya.

Inusa