Minti Bakwai na Haika

Lahadi, 5 ga Nuwamba

Jikata Haika ta zo daga Arusha ta maƙala mini aiki. Wai zauren danginmu na waya ya kai mutum hamsin da huɗu, kuma ni kaɗai suke shakka, don haka ta mai da ni shugaba. Ni da na tsaya a aji huɗu. Ta nuna mini inda ake dannawa a fitar da mutum. Na ce to, ke zan fara kora, mai kunnuwan ubanta. Ta yi dariya har da tari.

Dariyar ubanta ce sak, ɗana Aminieli. Shekara uku ke nan da muka kwantar da shi cikin gonar ayaba, bayan kicin.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Yarinyar ta saka murya a zaure, minti bakwai. Wa ke da minti bakwai? Ina yanka wa saniya ganye na ji farkon: maganar kason ubanta ce a gona, wai don me babban ɗana Rumisha ya kawo masu awo ba a tambaye ta ba. A nan na kashe.

Rumisha ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa tun kakanni 'ya mace ba ta da baki a gona. Sauran suka bi bayansa kamar awaki. Ni kuma harshena ya yi ƙaiƙayi. Na danna na ce, "Ƙawata, ke da ba ki iya raba ayabar miya da ta giya ba, gona za ki yi? Da faratan nan naki masu fenti?"

Fuskokin dariya talatin da ɗaya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye wa littafina ba.

Juma'a, 10 ga Nuwamba

Ta rubuto, "Bibi, har da ke?" Haka jikoki ke kiran kaka a wajenmu. Sannan ta juya kan baffanta ta kira shi mai cin ƙasar matattu. Wannan kam ta yi yawa.

Rumisha ya kira ni yana huci. "Mama, ke ce shugaba. Ko ki fitar da ita, ko in fita da gidana duka."

Na danna. Ashe wayar tana sanar da kowa wanda ya yi korar. Sunana ne a jikin nata.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Zaure lafiya lau. Hoton furanni, barka da asuba, ayar Littafi. Tsaf, kamar tsakar gida bayan an watse daga makoki.

Lahadi, 26 ga Nuwamba

Ruwa ya hana ni fita bayan coci. Ina neman wata waƙa sai yatsana ya faɗa kan muryar nan ta Haika, na bar ta tana tafiya don hannuna da kwaɓin fulawar chapati.

Ba gona take so ba. A minti na huɗu ta faɗa, da bakinta. Hanyar motar da Rumisha zai fasa zuwa sabon gidansa ce za ta bi ta kan kabarin ubanta. Turken masu awo taku biyu ne daga kansa. Abin da take roƙo, a bar wannan layin ayabar kawai, ta riƙa zuwa duk Disamba tana cire ciyawa. Can ƙarshe ta ce, "Bibi za ta gane."

Na ɗauki sanda na fita cikin ruwan. Turken na nan, da jan fenti. Kullum ta wurin nake wucewa.

Talata, 28 ga Nuwamba

Na ce da Rumisha, ka ji saƙon har ƙarshe? "Mama, ranar ina tuƙi." Na tambayi matarsa, na tambayi gwaggwanninta biyu, har da ɗan danginmu Elisante da ya karanta shari'a. Babu ko ɗaya. Mutum hamsin da uku muka amsa maganar da ba mu ji ba, ni a gaba da ganga.

Asabar, 2 ga Disamba

Na tsinki ganyen sale a shinge na ƙulle shi. Ganyen neman gafara ne a al'adarmu: yaro ke kai wa babba in ya yi laifi, kuma wanda aka miƙa wa ba ya ƙi. Ban taɓa ganin tsohuwa ta kai wa jikarta ba. Na naɗe a ƙasan jaka kar matan garinmu Marangu su gani a tasha.

Awa uku a mota zuwa Arusha, gwiwata na kuka.

Haika ta buɗe ƙofa ta ga abin da ke hannuna. Ta daɗe a tsaye. Ta karɓa da hannu biyu.

"Na karɓa, Bibi, ai ba a ƙi. Amma Kirsimetin bana ba zan zo gida ba."

Na ce baffanki ya yi kuskure. Ta ce, "Maganarsa ban ji zafinta ba, na san shi. Dariyar da kika sa aka yi."

Ta dafa mini shayi, tsararo kamar ruwan wanke kofi. Na shanye tas.

Laraba, 13 ga Disamba

Ta yarda na mai da ita zaure. Na kafa doka, da murya don kar a ce rubutuna ne ba a gane ba: duk mai son mai da martani, ya fara faɗin abin da mutumin ya ce, sai mutumin ya amsa cewa haka ne. Kuma ba a korar kowa a ranar fushi. Elisante ya ce wannan zai kashe hira. Na ce maimaita abin da na faɗa tukuna. Bai iya ba.

Rumisha ne ya fara, kamar ana cire masa haƙori: "Haika ta ce a bar layin ayabar ubanta." Ya sa an tuge turken. Ita ko a'a ba ta ce ba.

Lahadi, 24 ga Disamba

Gida ya cika, motoci har bakin coci. An ɗora tukunyar mtori, faten ayaba da nama, maza na ta zagaya giyar ayaba. Duk wanda ya shigo sai ya leƙa bayana kamar na ɓoye ta cikin zane.

Da hantsi na je na cire ciyawar da kaina. Na ɗauki hoton wurin na saka a zaure, ban rubuta komai ba.

Sai na ga sama an nuna Haika tana rubutu. Ya ɓace. Ya dawo. Ya sake ɓacewa.

Wata magana ta zo mini kan faratan da suka hana ta saurin rubutu. Mai kyau ce kuwa, da ta kawo fuska arba'in. Har na ɗora yatsa.

Ba wai wani abu ba, cajin wayar ne ya yi ƙasa. Na ajiye ta a cinya ina jira.