Ƙofar Arewa Ba Ta Shiga Ba Ce

Laraba, 9 ga Oktoba

Ɗana Junhui ya samo mana tikiti biyu na Tsohuwar Fada, ni da uwar Chunni, budurwarsa. Matar har yau ba ta ce e ba game da auren. Wai mutanen Beijing girman kai gare su, sai ta zo ta ga uwar yaron da idonta. To ta zo ta gani. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, fadar nan na san ta ciki da bai. Ya yi min wani irin kallo. Ɗan banza.

Asabar, 12 ga Oktoba

Shekara arba'in da ɗaya ina zaune bayan ganuwar fadar, kullum da safe ina motsa jiki a bakin ruwan da ya kewaye ta. Ban taɓa shiga ba. Wa zai shiga? Wurin baƙi ne da masu ɗaukar hoto.

Talata, 15 ga Oktoba

Uwar Chunni ta iso daga lardin Shanxi. Yin Caifeng sunanta, 'yar guntuwa, murya kamar a kasuwa. Ta kawo gero da busasshiyar magarya, kai ka ce yunwa ake yi a birni. Ta ci taliyata ta ce ba laifi. Ba laifi!

Laraba, 16 ga Oktoba

Yau na sha kunya.

Na sa jar rigata, na ja ta zuwa ƙofar arewa wadda ke kusa da gidanmu, ina tafe ina zuba mata labarin sarakuna, rabi ma ƙirƙira nake yi. Muna isa mai gadi ya tare mu da ladabi, ya ce nan ta fita ce kawai, shiga sai ta kudu, kuma an fi shekara goma a haka. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Muka kama zagaye ganuwa a ƙafa. Sai da muka yi rabi, sannan ta tsaya.

"Maman Junhui, faɗa min gaskiya. Kin taɓa shiga?"

Na so in ƙara wata ƙaryar, amma na ga idan ta sake kama ni, yarona ne zai kwana a ciki. Na ce ban taɓa ba, ko sau ɗaya.

Dariya ta yi har ta dafa bango. Wai akwai wani dutse bayan ƙauyensu da mutane ke zuwa hawa daga ko'ina, ita shekararta sittin ba ta taɓa taka shi ba. "Ashe ke ma baƙauyiya ce, Yaya. Zo mu je mu buɗe baki tare."

Kuma mun buɗe. Fili bayan fili, rufin nan ruwan ɗorawa yana ɗaukar ido. Ita ce ma ta riƙa yi min bayani, duk daga talabijin ta koya. Dokin ƙofofinsu ya kusa kai min gwiwa, na ɗaga ƙafa zan taka ta fizgo ni, wai ba a takawa, tsallakewa ake yi. Daga nan ba ta saki hannuna ba. Gwiwata na ciwo.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Na dama kunun geron nan. Kwano biyu na sha.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Mun raka ta tashar jirgin ƙasa. Junhui sai zufa yake, ya kasa tambayarta maganar auren. Ta riga ta sa ƙafa a jirgi sannan ta juyo ta ce masa, "Uwar da ke iya cewa ban sani ba, ba za ta wahalar min da 'ya ba. Ku sa rana." Ni kuma ta ɗaga min hannu, ta kira ni surukarta a gaban kowa.

Na ce wa Junhui iska ce ta shigar min ido. Gidan ya yi tsit da yawa yau, alhali kwana uku kacal ta yi.