Ludayi Ɗaya

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta isa gare ka ba, amma wa zan gaya wa in ba kai ba?

Gida lafiya. Inna tana fama da gwiwarta kamar kullum, gero ya yi kyau a gonarka ta Maruda, zaure kuwa ya yi tsit. Tun rasuwarka babu ma'auratan da suka sake zuwa neman sulhu.

Ka tuna yadda kake yi musu? Miji da mata su shigo kowa na huci, ka shimfiɗa musu tabarma ɗaya, ka ƙi sauraron kowa sai an sha fura. Ni ke damawa, ni ke ɓoye sauran ludayan kamar yadda ka umarta, in kawo ƙwarya da ludayi ɗaya tak. Dole wani ya miƙa wa wani. Daga hannun da ya fara miƙawa kake gane inda za ka kamo maganar. A bayan idonka dariya nake yi, ina cewa wasan yara ne. Ka yafe mini.

Baba, Sanusi ya sake ni, saki ɗaya. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Na je suna a Dangoma ban gaya masa ba, magana ta yi tsawo, ni da bakina na ce ya sake ni in ya isa. Ka san bakin nan nawa, kai ma ka sha fama da shi. Na kwaso yara daga Kalgo na dawo Gwandu, alhali kai ke cewa mace ta yi iddarta a ɗakinta. Tun kana kwance zamanmu ya fara tsami, na ɓoye maka. Kunya nake ji a ce 'yar mai sulhu ta kasa riƙe gidanta.

Ƙanenka Baffa Umaru ya gwada. Ya tara mu, ya yi nasiha mai kyau, aka kawo lemon kwalba kowa da nasa. Muka sha, muka tashi ba mu ko dubi juna ba.

Iddar ta kusa cika, bai fi mako ba. In ta cika bai mayar da ni ba, auren ya ƙare. Ina son mijina, Baba. Ban taɓa iya faɗin haka a gabanka ba.

Ya aiko cewa gobe da hantsi zai zo ganin yara. Na sayi nono, na kakkaɓe tabarmarka. Ludayan na tattara na kai wa Inna, ta karɓa ba ta tambaye ni komai ba. Ɗaya na bari, naka mai tsaga a baki.

Abu ɗaya ban taɓa tambayarka ba: in duka biyun suka ƙi miƙawa, me kake yi? Gobe babu mai zama tsakaninmu. Ni zan fara miƙawa.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sada mu a Aljanna.

'Yarka mai dama fura,
Hadiza