Sai Motar Ta Yi Sanyi

Zuwa ga Uwar Yara,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙarfin jiki? Yaya Auta da maigidanta da jikokinmu? Allah ya ƙara sauƙi. Takarda na zaɓa don a waya ba kya jina sosai, ni kuma kin san ban iya gajeren zance ba.

Wata biyar ke nan da Auta ta ɗauke ki jinya. Har yau kofi biyu nake saukowa da su da safe, in mayar da ɗaya ina harararsa kamar shi ya yi laifin.

Na ji sharaɗin 'yarki: ba za ki yi tafiyar awa shida a tsohuwar motata ba sai esinta na ba da sanyi, don zuciyarki ba ta son zafi. Na karɓa. Sau biyu ina sa a zuba gas, iskar na fitowa kamar numfashin wanda ya sha gudu. Jiya na kai ta wurin Mai Sanyi, makaniken nan na bayan gidan mai. Ya duba fiyus, lafiya lau. Ya ɗaura agogunansa biyu a bututu, allurorin suka tsaya kai ɗaya, ko motsi. Sai ya kara dogon sukudireba a jikin kwamfuresa, wadda ke tura gas ɗin, ya manna kunne a ƙotar kamar likita. Ya ce ta cinye kanta daga ciki. Laraba za a sa wata. Ki fara haɗa kayanki.

Naki har kullum,
Tsohon direbanki

Zuwa ga Uwar Yara,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar jiki. An ce kumburin ƙafar ya sauka, madalla.

Auta, in ke ce mai karanta mata, ki yi wannan wurin ƙasa-ƙasa. Na yi ɓarna. Mai Sanyi ya ce kafin a ɗaura sabuwar sai an wanke bututan tas an canja matatar gas ɗin, domin garin ƙarfen tsohuwar ya bi ko'ina. Aikin kwana biyu ne. Ni da kika shekara arba'in kina cewa kafin in sa takalmi an tashi daga taro, ranar nan gaggawa ta kama ni. Na matsa masa ya ɗaura haka nan.

Kwana uku ta yi sanyi. Nakan zauna a ciki a ƙofar gida, inji na aiki, har tela maƙwabcinmu ya leƙo ya tambayi wa nake jira. A rana ta huɗu ta yi wata ƙara, bel ya yi hayaƙi. Na mayar da ita wurin Mai Sanyi. Man cikinta ya tsiyaya a farin ƙyalle, ya miƙo min, garin ƙarfe na ta ƙyalli. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Ki ƙara min mako guda. Ki gai da yara.

Mai laifi,
Mijinki

Zuwa ga Uwar Yara,

Da fatan kin tashi lafiya, ke da mutanen gidan duka.

An wanke, an canja, an ɗaura ta uku, wannan karon ban buɗe baki ba. Sanyi har yatsuna na ƙagewa a sitiyari. Ina shigowa gida da labarin Auta ta bugo waya. Ta ce likita ya hana ki nisa da asibitinsa har ƙarshen shekara, da sanyi ko babu. Ta yi ta ba ni haƙuri, na ce mata ba komai.

Na daɗe zaune a bakin gado. Gidan nan ya yi min yawa, Uwar Yara. Falo ma na daina shiga, in na yi tari sai in ji kamar wani ne ya amsa.

Na rufe tagogi, na ba tela makulli, zai riƙa ba shukokinki ruwa. Asabar zan kamo hanya da jakata. Ki ce wa Auta kada ta wahalar da kanta, ko ɗan ɗakin da suke ajiye kwalaye ya ishe ni, in dai yana kusa da naki.

Sai na iso,
Mijinki